Koyon Binciken Zurfafa Fahimta ga Masu Karatun Gudanar da Lafiya da Walwalar Jama'a

A shekarar 2006 aka wallafa sakamakon wani aiki da ya ja hankalin masu tafiyar da asibitoci a duniya. Peter Pronovost da abokan aikinsa sun bi sassan kulawa ta musamman guda 103 a jihar Mishigan ta Amurka, inda ake fama da ƙwayoyin cuta masu shiga jini ta siririn bututun da ake zura wa majinyaci a babbar jijiya. Matakan da aka ɗauka guda biyar ne, kuma babu mai wuya a cikinsu: a wanke hannu, a sa cikakkun kayan kariya, a goge fatar majinyaci da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a guji jijiyar gindin cinya, a cire bututun da zarar an daina buƙatarsa. Yawan kamuwa ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku, kuma ya zauna a haka har wata 18. Sai labari ya bazu cewa takardar duba matakai, wato jerin matakan nan biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya, ce ta yi wannan aiki.

Daga 2009 Ingila ta kwaikwayi shirin. Can ma cutar ta ragu, amma da aka duba da kyau sai aka ga har sassan da ba su riga sun shiga shirin ba suna raguwa tare da sauran. Iyakar abin da alƙaluma suka iya faɗa ke nan. Mary Dixon-Woods da tawagarta ne suka shiga sassan suka zauna, suna kallon aiki, suna hira da likitoci da nas-nas. Suka gano cewa a wurare da dama an ɗauki shirin a matsayin wani umarni daga sama, an karɓe shi da baki kawai. Suka kuma gano cewa sassan ba sa ƙirga cutar iri ɗaya, abin da wani sashe zai rubuta a matsayin kamuwa wani ba zai rubuta ba, ba don ha'inci ba, sai don kowa da yadda ya fahimci ƙa'idar. A Mishigan kuwa, abin da ya yi tasiri ya fi takarda girma: ma'aikata sun ɗauki matsalar a matsayin tasu, sassa suna ganin sakamakon juna, kuma an ba nas ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki. An kwaso takardar an bar waɗannan a baya.

Wannan irin aiki na zama, da kallo, da sauraro, da warware ma'anar abin da aka gani shi ne binciken zurfafa fahimta. Binciken alƙaluma yana amsa tambayar nawa, sau nawa, ya ƙaru ko ya ragu. Wannan kuwa yana bin yaya aka yi, me ya sa, kuma me abin yake nufi ga waɗanda ke cikinsa. Wanda zai shugabanci asibiti ko hukumar walwalar jama'a yana buƙatar duka biyun, domin kusan duk tsarin da ya rushe a hannun manaja, a wurin aiwatarwa ya rushe, kuma mutane ne ke aiwatarwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai da yawa suke shigowa wannan fanni. Suna zaɓarsa don gudun lissafi, da zaton ai hira ce kawai: a ɗauki rikoda, a yi wa mutum goma tambayoyi, a jera maganganunsu a babi na huɗu na kundin digiri. Wanda ya shigo da wannan tunani zai fita da tarin magana, amma ba zai fita da bincike ba. A binciken alƙaluma akwai ma'auni da aka riga aka gwada, kuma manhaja za ta yi maka lissafi daidai ko da hankalinka na wani wuri. A nan kai ne ma'aunin. Kunnenka, idonka, haƙurinka da son zuciyarka duk suna shiga cikin sakamako. Shi ya sa koyonsa yake cin lokaci fiye da yadda jadawalin zangon karatu yake nunawa.

Matsalar takan fara tun daga tambayar bincike. Ɗalibi ya rubuta cewa zai binciki ko ma'aikatan jinya sun gamsu da sabon tsarin sauyin aiki. Wannan tambaya ce ta takardar tambayoyi, amsarta e ko a'a, da kaso cikin ɗari. Idan ya juya ta ya ce yana son sanin yadda ma'aikatan jinya suke tsara aikinsu da rayuwarsu tun da aka sauya tsarin, da abin da suke yi idan tsarin ya ci karo da buƙatar majinyaci, to ya buɗe ƙofar da hira da kallo za su iya shiga. Malamin da ke duba aiki ya tsaya kai da fata a wannan gaɓa, don duk gyaran da ba a yi a nan ba, ba ya yiwuwa daga baya.

Sai hira, wadda ita ce kowa yake zaton ya iya. A dubi wannan. Ɗalibi yana zaune da wata nas, ya ce mata, "Sista, ba kya ganin ƙarancin ma'aikata ne ke sa ba a cike takardun magani a kan lokaci?" Ta ce, "Gaskiya haka ne." Ya rubuta, ya wuce. Bai samu komai ba, ra'ayinsa ne ya sa mata a baki ta maido masa. Da ya ce, "Sista, ki ba ni labarin dare na ƙarshe da kika kwana a aiki, tun daga shigowarki," da wata magana ce za ta fito. Ta yiwu ta kai ga cewa, "To da aka zo rabon magani na sha biyu, na dai yi yadda muka saba." A nan ne aikin yake. Wanda bai ƙware ba zai gyaɗa kai ya nufi tambaya ta gaba a takardarsa. Wanda ya ƙware zai dakata, ya ce, "Yadda kuka saba, kamar yaya?" Sai ya yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kuma sabon mai bincike yakan yi sauri ya cike shi da nasa surutu. Idan ya daure, sau da yawa a bayan shirun ne za a gaya masa cewa ana raba maganin duka tukuna sannan a zauna a cike takardu gaba ɗaya da asuba, domin in an bi ƙa'ida gado bayan gado, na ƙarshe ba zai samu nasa ba sai bayan awa biyu. Wannan bayani ba ya cikin kowane rahoton wata-wata, kuma shi ne manaja yake buƙatar sani kafin ya fitar da takardar gargaɗi.

Ɗaliban gudanarwa suna da wata cikas ta daban a nan. An horar da su su magance matsala, saboda haka da sun ji ƙorafi sai su fara ba da shawara a tsakiyar hira, ko su kare hukuma. Da zarar mai bincike ya ce "ai dalilin da ya sa aka yi haka shi ne", hira ta mutu, don mai magana ya gane cewa da wakilin ofis yake zaune. Dole a koyi riƙe baki, a bar gyara sai an gama fahimta. Hanyar da na fi yarda da ita wajen koyon wannan ita ce ɗalibi ya ɗauki hirarsa ta gwaji a rikoda, ya rubuta ta da hannunsa kalma bayan kalma, sannan ya auna yawan maganarsa da ta wanda ya tambaya. In nasa layukan sun yi tsawo, ya ga laifinsa da idonsa, ba sai malami ya faɗa ba.

Tattaunawar rukuni, wadda asalinta ke komawa ga aikin Robert Merton a shekarun 1940, tana da amfani idan ana son jin yadda mutane suke jayayya da daidaitawa a kan wani batu. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa shugaba da na ƙasa da shi a zama ɗaya. In shugabar nas-nas tana wurin, abin da za a ji shi ne abin da ya kamata a faɗa.

Hira kuma tana da iyaka, domin abin da mutum yake cewa yana yi da abin da yake yi ba kullum suke haɗuwa ba, ko da shi mai gaskiya ne. Gani ya kori ji. Barney Glaser da Anselm Strauss sun shafe lokaci a asibitocin yankin San Faransisko suna lura da yadda ake mu'amala da majinyatan da ke gab da rasuwa, suka wallafa abin da suka gani a 1965. Sun bayyana yanayi huɗu: wanda majinyaci bai sani ba kuma ana ɓoye masa, wanda yake zargi yana neman tabbaci, wanda kowa ya sani amma ana nuna wa juna kamar ba a sani ba, da wanda ake magana a fili. Yanayi na uku ba zai taɓa fitowa a takardar tambayoyi ba, don ginshiƙinsa shi ne kada a faɗa. Daga wannan aiki ne suka fitar da hanyar gina ra'ayi daga bayanan fili a 1967, wadda har yau ake koyarwa. A fannin walwalar jama'a, Michael Lipsky ya nuna a 1980 cewa ma'aikacin da ke fuska da fuska da jama'a, kamar jami'in walwala, malamin makaranta ko ɗan sanda, shi ne a zahiri yake tsara manufa, ta hanyar 'yan shawarwarin da yake yankewa kullum saboda aiki ya fi ƙarfin lokaci da kayan aiki: wa zai fara gani, wa zai jira, wace ƙa'ida zai sassauta. Ɗalibin da ya zauna yini guda a ɗakin jira da littafin rubutu, yana rubuta wanda ya shigo, wanda aka kira, wanda ya gaji ya tafi, zai fahimci wannan fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Abin da za a koya masa shi ne ya raba abin da ya gani da abin da ya zata. "Magatakarda bai ɗago kai ba lokacin da matar take magana" abu ne da aka gani. "Magatakarda ya wulaƙanta ta" hukunci ne, kuma wurinsa daban a littafin.

Tambayar da kowane ɗalibi yake yi ita ce mutum nawa zai yi hira da su. Akwai wani nazari da ake yawan kafa hujja da shi, na Greg Guest da abokan aikinsa a 2006. Sun yi hira 60 da mata a Gana da Najeriya, suka ga cewa mafi yawan jigogin, wato manyan ma'anonin da ke maimaituwa a maganganun, sun riga sun bayyana cikin hira 12 ta farko. Daga nan lamba 12 ta zama kamar doka a wurin wasu. Amma waɗancan mata yanayinsu ya yi kama da juna, kuma tambayar a taƙaice take. Wanda yake binciken yadda ake miƙa tsoho mai jinya daga asibiti zuwa hannun ma'aikatan walwala yana da likita, nas, jami'in walwala, iyali da shi majinyacin, kowanne da inda yake tsaye, kuma 12 ba za ta ishe shi ba. Kirsti Malterud da abokan aikinta sun ba da shawara a 2016 cewa a duba ƙarfin bayanin da ke hannu: in manufar a tsuke take, mutanen sun san batun sosai, hirar kuma ta yi zurfi, kaɗan sun isa. In ba haka ba, a ƙara. Ni abin da na fi so ɗalibi ya iya amsawa shi ne dalilin zaɓar waɗannan mutane, da kuma wanda ya bari a waje. Sau da yawa wanda bai zo ba, kamar majinyacin da ya daina zuwa asibiti ko ma'aikaciyar da ta ajiye aiki, shi ke riƙe da rabin amsar. Jimlar nan ta "an ci gaba da hira har bayani ya daina sabuntuwa" ta zama abin da ake rubutawa don a wuce, alhali ba ta da daraja sai an nuna yadda aka gane hakan, kuma ba a iya ganewa sai in ana nazari tun ana cikin tattara bayani.

Nazarin shi ne wurin da aka fi yin asara. Hirar awa ɗaya tana cin awoyi da dama kafin a mayar da ita rubutu, kuma idan an yi ta da wani harshe za a rubuta rahoto da wani, to a yi nazarin a harshen da aka yi maganar muddin zai yiwu, a bar fassara sai ƙarshe, don a wurin fassara ne habaici da kara da shaguɓe suke zubewa. Bayan haka sai karatu, a karanta a sake karantawa, ana sa wa gaɓoɓin magana laƙabi. A koma ga maganar nas ɗin nan. Ɗalibi mai gaggawa zai sa mata laƙabin "ƙarancin ma'aikata" ya jefa ta cikin tari. Mai natsuwa zai ga abu uku a ciki: ana karya ƙa'ida don a kare majinyaci, ana yin hakan a matsayin sirrin da kowa ya sani, kuma takardar da manaja yake dogaro da ita tana nuna lokacin da ba shi ne na gaskiya ba. Idan irin wannan ya sake fitowa a bakin mai harhaɗa magani da na jami'in walwala, to jigo ya fara tsayuwa: ma'aikata suna ɗaukar wa kansu haɗari don cike giɓin tsari, kuma rikodin hukuma yana rufe giɓin. Wannan jigo ne, domin yana faɗin wani abu. "Matsalolin ma'aikata" kuwa kan magana ne kawai. Virginia Braun da Victoria Clarke, waɗanda suka tsara matakai shida na nazarin jigo a 2006, sun daɗe suna jan kunne cewa jigo ba ya ɓullowa da kansa daga cikin takarda, mai bincike ne yake gina shi, kuma shi zai ɗauki alhakinsa.

Ga masu aikin da ke da wa'adi da tambayoyin da hukuma ta riga ta gindaya, akwai hanyar jadawali da Jane Ritchie da Liz Spencer suka samar a Birtaniya a shekarun 1980 don binciken manufofin gwamnati. Ana jera mutane a layi, batutuwa a ginshiƙi, a taƙaita abin da kowa ya ce a gurbinsa, sai a iya bin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ko a kwatanta kowa a kan batu ɗaya. Ta dace da ɗaliban gudanarwa ƙwarai. Manhajoji irin su NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA suna taimakawa wajen adanawa da nemo magana cikin sauri, amma ba sa yin tunani, kuma ambaton sunansu a kundi ba ya ƙara wa nazari inganci.

To ta yaya mai karatu zai yarda cewa ba son ran mai bincike ne aka ba shi ba? Wannan tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a ji haushinta ba. Yvonna Lincoln da Egon Guba sun kawo ma'aunai huɗu na ingancin irin wannan bincike a 1985, kuma a 2007 aka fitar da jerin abubuwa 32 da ake kira COREQ, waɗanda mujallun lafiya da yawa suke so a bayyana a rahoton hira da tattaunawar rukuni. Duk suna komawa ga abu ɗaya, wato a nuna hanya. A ajiye littafin da ke nuna yadda laƙabi ya sauya da dalilin sauyawar. A nemi maganar da ta saɓa wa jigon da gangan, a kawo ta a fili, a ce ga wanda bai yarda ba. A ba wani ya karanta wasu daga cikin hirarrakin a ji ko zai ga abin da ba a gani ba. Sannan mai bincike ya faɗi ko shi wane ne a wurin. Yawancin masu wannan karatu ma'aikata ne, kuma a wurin aikinsu suke bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne, amma sabo yana makantar da ido, kuma wanda kake sa hannu a takardar hutunsa ba zai iya ce maka a'a cikin sauƙi ba.

Nan ne batun ɗa'a yake da kaifi. Sa hannu a takardar amincewa ba ya nufin an amince da zuciya ɗaya in akwai bambancin muƙami. Ɓoye suna ma ba ya isa. A sashen da mai harhaɗa magani ɗaya ne, rubuta "wani mai harhaɗa magani ya ce" daidai yake da kiran sunansa. Dole a yi tunani tun kafin a fara: me za a yi in hira ta tono abin da ke cutar da majinyaci ko yaro, wa za a sanar, kuma an gaya wa mai magana wannan iyaka tun farko? Me za a yi in mutum ya fashe da kuka a tsakiyar labarin rasuwar ɗansa? Ina za a ajiye muryoyin da aka ɗauka, kuma yaushe za a goge su? Kwamitin ɗa'ar bincike zai tambayi wasu daga ciki, sauran kuma suna kan wuyan mai binciken.

Har yanzu akwai masu kallon wannan fanni a matsayin ƙaramin ilimi. A 2016 sai da manyan masana 76, Trisha Greenhalgh na kan gaba, suka rubuta wa editocin BMJ, mujallar likitanci ta Birtaniya, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙalubalantar yadda ake mayar da irin waɗannan nazarce-nazarce da hujjar cewa ba su da fifiko. Amma a aikace an riga an wuce wurin. A 2015 Meghan Bohren da abokan aikinta suka tattara nazari 65 daga ƙasashe 34 a kan cin zarafin mata a ɗakin haihuwa, mafi yawansu na hira da lura, suka fitar da rabe-raben abin: duka, zagi, wariya, yin aiki ba tare da izini ba, watsi da mace ita kaɗai. Kafin a iya ƙirga wannan matsala sai da aka fara sanin siffarta daga bakin matan. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan kula da mai ciki na 2016 da na kula da mai naƙuda na 2018 sun yi amfani da irin wannan shaida wajen sanin abin da mata suke so da abin da ke hana su zuwa.

Saura rubuta rahoto, kuma a nan ɗalibin gudanarwa yakan so ya koma gidan da ya saba, ya ce kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka yi hira da su sun ce kaza, alhali mutum goma ne kuma da gangan aka zaɓe su. Wannan lamba ba ta wakiltar kowa, tana yaudarar mai karatu ne kawai. Abin da ya dace shi ne a bayyana yadda abin yake faruwa, a wane yanayi, ga su wa, da inda bai faru ba, a kawo maganar mutane a matsayin shaida bayan an yi bayani, a kuma siffanta wurin sosai yadda shugaban wani asibiti zai iya auna ko nasa ya yi kama da shi. Idan shawarar da za ta fito ita ce a sake tsarin rabon maganin dare, to rahoton ya nuna wa manaja daidai gaɓar da ƙa'ida take karo da aiki, ya kuma rubuta shi ta yadda nas ɗin da ta buɗe baki ba za ta fuskanci hukunci ba saboda ta faɗi gaskiya.